Ranar da Na Kori Biran Ɗan Farina

Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, kuma ba a kan takarda zan fara ba. Haka muka tarar ana yi a ƙauyenmu da ke gefen Shanono: mace ba ta ambaton ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cin abinci yana kallo. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi zuwa sashenta, ita ya riƙa kira Inna har ta koma ga Allah. Ni kuwa Yaya yake ce mini, alhali ƙannensa duk Umma suke cewa. In ina da magana da shi sai in dubi bango in ce, "A gaya wa wancan ya sa hula, rana ta yi zafi," shi kuma yana tsaye a gefena ya amsa wa bangon da "To." 'Yan zamani suna yi mana dariya, su ce tsohon yayi ne. Ni dai a haka na so shi, so mai yawa, wanda ban taɓa nuna wa kowa ba har shi kansa.

Ilimin dazuzzuka ya karanta a jami'a. Bautar ƙasa ta jefa shi can Kudu, cikin kurmin da ke dab da iyakar Kamaru, daga nan bai dawo ba. Wani masaukin baƙi ne ya ɗauke shi aiki, irin wanda ake ginawa a tsakiyar daji don mutanen Legas da Turawa su je su kwana, su kalli namun daji, su koma gida ba tare da sun ɗauko ko ƙafar gada ba. Aikinsa bin birai ne. In maƙwabta suka tambaye ni me yaron nan yake yi a Kudu, sai in ce aikin gandun daji, in yi maza in sako wata maganar. Wace uwa ce za ta buɗe baki a gidan suna ta ce ɗanta mai digiri kiwon biri yake yi?

Balle ni, da na san biri tun ban iya ɗaurin ɗankwali ba. Lokacin ƙuruciyata akwai sauran daji a bayan gonarmu, kuma jan biri ba ya barin gyaɗa ta nuna. Babanmu ba shi da ɗa namiji da ya tasa, saboda haka ni ce mai gadi. Da sassafe zan hau rumfar kara da tsohuwar tasa da sanda da tarin duwatsu, ina ganin jan abu ya ɓullo daga ciyawa in buga tasa, in kurma ihu, in bi da jifa. Ranar da na yi gyangyaɗi suka tone mana gefe guda, dukan da na sha har yau na san wurin. Hannuna ya ƙware har samari suna kirana in jefo musu goruba. Yanzu gona ta haɗe da gona har inda ido ya tsaya, ko zomo sai an yi sa'a, jikokina kuwa a waya suka san biri.

Bayan girbin wata shekara yaron nan ya aiko a kai ni in ga inda yake. Ta wajen autata saƙon ya zo, kamar kullum, don wayarta yake kira ko da ni yake son gaisarwa. Na yi ta noƙewa, sai Malam, maigidana, ya ce in shirya, ai yaron bai taɓa roƙona komai ba. Na ɗaure ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, muka kama hanya ni da autar.

A mota ta yi mini bayanin abin da ake ciki. Akwai wasu irin birai da ba a samunsu ko'ina sai wannan yankin, mafarauta sun kusa ƙarar da su, har ta kai ko inuwar mutum suka gani sai su ɓace. Damina biyu yayanta yana bin wani garke nasu, yana kwana a kurmi, yana zama shiru a inda za su gan shi, har suka saba da ganin ɗan Adam. A makon nan mutanen da ke ɗaukar nauyin masaukin za su zo daga ƙasar waje su gani da idonsu. In sun gani, za a ba shi shugabancin masu yi wa baƙi jagora, da ɗakin da zai ajiye iyali, don an riga an sa masa rana da wata 'yar Tofa.

"Shi ya sa yake so ki zo, Umma, a yi abin a gabanki," in ji ta.

Na ce Allah ya ba da sa'a, ina kallon taga, don ba a zumuɗi a kan ɗan fari. A raina kuwa na ɗauka biran nan suna can ƙuryar daji, tafiyar wuni guda, wataƙila ma da igiya a wuyansu.

Mun kwana a hanya, ƙarshenta kuma a kan acaɓa muka shiga, taɓo har gwiwa. Kurmi ba daji ba ne irin namu. Bishiya ɗaya sai ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame ba ka ga ƙarshenta ba. Rana ba ta sauka ƙasa, alƙibla ma sai da autar ta duba mini a waya. Ko ba a ruwa ganye yana ɗiga, ƙwari kuma suna ƙara kamar an kunna injin markaɗe an manta da shi. Ɗakin da aka ba mu na katako ne a kan dirkoki, rabin bangonsa raga, ba katanga ba zaure, duk wanda ya gifta yana iya ganin tabarmar sallata. Banɗakin ma ba rufi, wai don baƙo ya yi wanka yana kallon tsuntsaye. Da zanena a jiki na yi wanka duk zaman da na yi a wurin.

A bakin hanya ya tarye mu. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Na amsa ina kallon takalmina, amma sai da na ga ya rame, ƙafafunsa duk tabon cizon ƙwari. Ma'aikatan da suka ji ya ce Yaya suka ɗauka ni yayarsa ce. Mai dafa abincin wurin, wata ƙatuwar mace 'yar garin da ta taɓa zama a Kano tana jin Hausa, ta riƙe hannuna ta ce, "Yayarsa ce? Kun yi kama sosai." Ban gyara mata ba. Nan da nan muka saba, ta koya mini miyar ganyensu, na nuna mata yadda ake sa daddawa. Ta kai ni bayan kicin ta nuna mini 'yar masarar da ta shuka da hannunta, ba ta fi faɗin tsakar gida ba, tana ƙorafin beguwa ta hana ta sakat.

Washegari ya zaga da mu cikin kurmi, shi a gaba, autar a tsakiya, ni can baya. Na ga aku mai jan wutsiya garke guda a sama, ni da na san aku ɗaya tilo a keji a shagon wani Alhaji. Na ga wani tsuntsu mai kama da cilakowa amma ya kai girman agwagwa, in ya tashi fukafukinsa har huci suke. Malam-buɗe-littafi kamar tafin hannu, kwarkwasa a jere ta tare hanya sai da muka tsallaka da gudu, ni da shekaruna. Akwai wata gadar igiya da aka ɗaura can saman bishiyoyi, na ce a kai kasuwa, ban zo Kudu in mutu a rataye ba. Duk abin da ya nuna, autar yake fuskanta ya yi bayani, amma da Hausa, kuma da murya fiye da yadda kunnenta yake bukata. Na san wa ake yi wa, na kuma ji daɗi, ban dai nuna ba.

Abincin yamma a wani dogon tebur ake ci, maza da mata a haɗe, ma'aikata da baƙi, shi ma yana ciki. Ta yaya zan zauna in kai loma baki yana kallona? Na ce a riƙa kawo mini nawa ɗaki. A wannan teburin ne, ranar da manyan baƙin suka iso, ya sanar da kowa cewa biran sun matso, da asuba suke zuwa cin 'ya'yan wata bishiya da ke bayan kicin. Ya ce gobe kowa ya shiga rumfar ganye da aka kafa don leƙe, wanda ba zai shiga ba ya zauna a ɗaki, ba motsi, ba ƙara. Ya ja ƙanwarsa gefe ya ce a gaya wa Yaya. Ita kuwa ta tsaya hira da wata 'yar Legas, ta tarar na yi barci. Da asuba ta ga ina kan tabarma ina lazimi, ba ta son katse ni, ta lallaɓa ta fita, a tunaninta ai ba na fitowa da wuri.

Ranar kuma sai na fito. Na ɗauki kwalbar man gyaɗa zan kai wa ƙawata mai abinci, na tarar kicin ba kowa, ko wuta ba a hura ba. Na zaga ta baya ina nemanta, sai na gan su.

Sun fi jan biri kauri nesa ba kusa ba, fuska baƙa wuluk, wutsiya guntuwa. Wasu a kan bishiya, wasu a ƙasa suna tsintar abin da ya faɗo, uwaye da 'ya'ya maƙale a ciki. Babban namijin yana zaune a tsakiya, fuskarsa tana sheƙi kamar an shafa mata mai, da ya juya kuwa bayansa shuɗi da ja kamar ya zauna a marina. Ƙananan sun gangaro bakin masarar. Ina kallo wani ya miƙa hannu ya karya guda, ya hau ɓarewa hankali kwance, kamar ubansa ne ya shuka.

Ban yi tunani ba. Ko kaɗan ban haɗa waɗannan da biran da aka ba ni labari a mota ba, ɓarayin gona kawai na gani a masarar matar da ta yi mini kirki. Na wawuri murfin tukunya da ludayin ƙarfe na hau bugawa, na kurma ihun da rabona da shi tun ina budurwa. Na sunkuya na ɗauki dutse. Hannun nan da nake cewa ya tsufa, wanda ko tulu ba ya ɗagawa, ranar bai kuskure ba. A kafaɗa na sami babban. Ya yi wata irin ƙara, bishiyoyi suka girgiza, kafin in ɗauki na biyu babu ko ɗaya. Na tsaya ina haki, kuma in faɗi gaskiya, ina jin daɗin kaina.

Sai tarin ganyen da ke gefena ya buɗe, mutane suka riƙa fitowa. Turawa da kyamarori masu dogon baki, 'yan Legas, ma'aikata, autata da hannu a baki. Wata tsohuwar Baturiya hawaye take yi. Shi ne ya fito a ƙarshe. Bai dube ni ba, inda suka bi ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya zauna a ƙasa cikin laima kamar an zare masa laka. Mai abinci ta matso ta ce a hankali, "Yaya, su ne fa. Su ne biransa."

Na sha jin kunya a rayuwata, kunyar suruki, kunyar amarci, kunyar haihuwar fari, amma waɗannan duk kunya ce mai ado, wadda ake yaba mace a kanta. Wannan daban take. Ji na yi kamar an kwance mini zane a tsakiyar kasuwa. Ban san yadda na koma ɗaki ba, sai da na zauna a bakin gado na ga murfin tukunyar yana hannuna.

Autar ta shigo tana kuka tana cewa laifinta ne. Na sauke mata duk abin da ke cikina, na ce ba ta da aiki sai surutu da danna waya, na faɗi wanda ya dace da wanda bai dace ba. Da na huce na ce ta matso.

"Ki je ki same shi. Ki ce ya gaya musu wata ce 'yar ƙauyenku ta maƙale miki ta biyo ki. Ko yayar ma kada ya amsa, ya ce bai san ni ba sosai."

"Umma, ya za a yi ya ce haka?"

"Ai ba ƙarya mai yawa ba ce. Ba ni na raine shi ba. Tashi ki je."

Ta je ta dawo ta ce ta faɗa masa.

Bayan azahar shugabar wurin ta aiko a kira ni. A bakin dogon teburin nan da na ƙi zama aka zaunar da ni, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Manyan baƙin suna gefe, mai abinci tana kusa da ni don ta yi tafinta. Shugabar mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta tambaye shi wace ce wannan matar, kuma an gaya mata doka ko ba a gaya mata ba.

Ya miƙe tsaye ya yi magana da Turanci. Turancina na firamare ne da ajin yaƙi da jahilci, amma a cikin maganar na tsinci kalmar da ko ɗan aji ɗaya ya sani. Mai abinci ta juyo ta zuba mini ido.

"Ya ce ke kika haife shi," in ji ta. "Ya ce laifinsa ne, shi ya kamata ya zo ya gaya miki da bakinsa. Ya ce tun kina yarinya ke ce mai gadin gyaɗar babanki, abin da aka koya miki kika yi."

Ban san ya san da maganar gadin gyaɗa ba. Ban taɓa ba shi labarin komai ba, ashe tsinta yake yi a bakin mutane yana ajiyewa. Shugabar ta sake tambayarsa me ya hana shi gaya wa mahaifiyarsa magana mai nauyi haka, ga ɗakinta ga nasa. Ya sunkuyar da kai. Me zai ce mata? Na ji muryata ta fito daga cikin mayafin kamar ta wata.

"Ki gaya mata ni ce ba na bari. Ba na yarda ya yi mini magana fuska da fuska. Al'adarmu ce, amma ni na riƙe ta da ƙarfi fiye da kowa."

Mai abinci ta fassara. Ban san yadda ta juya maganar ba, na dai ga Baturiyar da ta yi kuka tana kallona, tana kallonsa.

Baƙin sun ƙara kwanaki suna shiga rumfar ganye kowace asuba, ba abin da ya zo sai tsuntsaye. Suka ɗaure kayansu suka tafi. Ba a kore shi ba, amma shugabancin wani aka ba, maganar ɗakin iyali ta tsaya, aka aika Tofa a ɗaga rana. Ya ɗauki jakarsa ya koma cikin kurmi nemansu. Labarin da ya fito shi ne sun haye wani kogi can ciki, kuma da sun hango mutum sai gudu, kamar ba a taɓa yin damina biyun nan ba. Ni kuwa ban ƙara fita daga ɗaki ba sai in alwala ta kama. Mai abinci ta riƙa kawo mini abinci da kanta, har ta dafa mini masarar nan, na kasa ci.

Ranar da za mu tafi ya fito daga daji don ya sallame mu, taɓo har cinya, idanu sun faɗa. Ƙunshin ƙuli-ƙulin da na zo da shi yana hannun autar, don ita na shirya ta miƙa masa. Na karɓe. Na taka har gabansa na sa masa a hannu, na ɗaga kai na dubi fuskarsa, kallon da rabona da yi masa tun yana shan nono. Ashe idanun babana ne da shi, ashe har furfura ta fara leƙo masa a gefen kunne.

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya durƙusa a cikin taɓon, ƙunshin a ƙirjinsa, ya ce ba komai, Allah ya kai mu lafiya. Masu acaɓa suka tayar, na hau ban waiwaya ba, don hawayen ya riga ya zubo kuma autar tana kallo.

Da muka dawo mata suka cika gidan jin labarin Kudu. Na ba su na aku da na banɗaki mara rufi, suka yi ta dariya, na jifa kuwa Malam kaɗai na gaya wa. Amma yanzu duk wadda ta tambaye ni aikin yaron nan, ce mata nake birai yake bi, kuma aiki ne mai wuya. Na sa autar ta tura masa lambar 'yar wayata. Duk Juma'ar da ya hau tudun da ake samun sabis sai ya kira, kuma ni nake ɗauka. Damina ta zagayo, yarinyar Tofa tana nan tana jira, ni ma ba na haɗa ido da uwarta a wurin biki.

Bayan gaisuwa tambayata ɗaya ce.

"Sun dawo?"

"Tukuna dai, Umma."

Ranar da ya fara ce mini Umma na buɗe baki in gyara masa, sai na fasa. Nakan ce Allah ya dawo da su, in ajiye wayar, in koma kan gyaɗar da nake ɓara.